Tsibirin Gawo a Ƙasar Daura

Wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kwangwalam a watan Maris zai tarar ƙasa ta yi fari fat. An kwashe gero da wake tun tuni, shanu sun cinye kara, iska na ɗibar rairayi tana watsawa a kan kwalta. Sai can a tsakiyar gonaki ido ya faɗa kan wani kore shar: gawo goma ko ashirin sun taru wuri guda, awaki kwance a inuwarsu. Mu da ba mu da teku, tsibirinmu ke nan.

Masarautarmu, wato Daura da Sandamu da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, yawancinta jigawa ce. Damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan kuma wajen milimita 600 ne a shekara. Sauran watannin na hunturu ne da bazara. Duk da haka ƙasar itatuwa ce tun asali, sunayen garuruwa ma shaida ne. Mai'aduwa, Ɓaure, da Magarya da ke tsallaken iyaka, duk sunan itace suke ɗauke da shi.

A cikin itatuwan nan, gawo ne mai halin kansa. Da damina ta sauka, kowa na tofo, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, shi ya sa ake masa kirari da cewa ya ƙi ruwan Allah. Manomi kuwa abin da yake so ke nan. Inuwa ba ta danne shuka, ganyen da ya zuba ya zama taki, geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da cika. Da rani kuma sai ya yi ganye, ya zubar da 'ya'yan da dabbobi ke rububi.

Sarakunan da sun san darajarsa. Bayan jihadi ya ci Daura wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya tarwatse, rassansa suka zauna a Zango da Ɓaure ƙarƙashin inuwar Damagaram. A can ne ake ba da labarin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, cewa ya sa doka duk wanda ya sare gawo a bakin ransa. Ko an taɓa zartar da hukuncin ko barazana ce kawai, ƙasar Damagaram ta yi suna da gawo har yau.

Turawa sun maido da Malam Musa gadon Daura a 1906, suka kuma zo da nasu tunanin game da daji. Ingila ta yi dokar gandun daji a Najeriya a 1916, Faransa ta yi tata a yankunanta a 1935. A 1935 ɗin ne wani masanin daji, E. P. Stebbing, ya ta da hankalin duniya da cewa Sahara na tahowa kudu. Aka tura kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya zaga bakin iyakar nan a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga hamada na tafiya ba, ɓarnar da ya gani ta hannun mutane ce. Maganin da aka zaɓa shi ne malamin daji da takardar izini da tara. A ganinmu nan aka yi kuskure. Itacen da zai jawo wa mutum tara idan ya sare reshensa a gonarsa, ai gara ya tumɓuke shi tun yana tsiro.

Farin 1973 da na 1984 suka zo suka ƙarasa abin da ya rage. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, aka fara shirin dashen itatuwa da kuɗin Tarayyar Turai ta lokacin, aka jera shingayen kare iska a arewacin jihar. Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, ya cika tituna da makarantu. Mun gode da inuwarsa, amma baƙo ne daga Indiya, kuma gero ba ya son gindinsa.

Maƙwabtanmu sun bi wata hanya. Tun 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a yankin Maraɗi cewa kututturan da ake ɗauka matattu ne suna da rai a ƙasa. Idan manomi ya bar tofo ɗaya ko biyu ya gyara su maimakon ya sassabe duka, cikin 'yan shekaru ya sami itace ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Suka kira abin sassabin zamani. Hukuma ta sassauta, itace ya koma na mai gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma Magarya da Matamai, da ke bayan katangarmu, suna cikin wuraren da gawo ya fi yawa. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna inda iyaka ta ratsa, ɓangarensu ya fi namu duhu, alhali ruwa ɗaya ke sauka mana.

A namu gonakin, wanda ya tsaya ya ƙirga zai ga tsofaffin gawo sun fi matasa yawa. Kullum kuma amalanken itacen girki na shiga Daura da sassafe.