Ƙarin Tsawon Ƙashin Cinya Bayan Tiyatar Karaya a Yara: Nazari da Shawarwari ga Unguwar Fadaman Mada, Bauchi

Tsakure

Ƙashin cinyar yaro idan ya karye ya haɗe, sau da yawa yakan ɗara na ɗaya ƙafar tsawo. Wannan maƙala ta bi diddigin rubuce-rubucen likitocin ƙashi a kan lamarin, ta auna su da yanayin jinya a Fadaman Mada. Ta nuna wajibcin ci gaba da awon ƙafafun yaro na aƙalla shekara 2 bayan tiyata.

Muhimman kalmomi: ƙashin cinya, karaya, guringuntsin girma, ɗingishi.

Gabatarwa

Faɗowa daga bishiya ko katanga, da haɗarin babur da Keke Napep, suna cikin abubuwan da ke karya cinyar yara a birane irin Bauchi. Iyaye a Fadaman Mada kan zaɓi ɗayan biyu: masu ɗorin gargajiya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Asibitin Ƙwararru na jiha. Ko ina aka je, a idon iyali jinya ta ƙare ranar da yaro ya taka ƙafarsa. Tambayar wannan bincike ita ce: me ke faruwa da ƙashin daga wannan rana?

Hanyar Bincike

An kwatanta sakamakon da aka wallafa kan hanyoyi uku: rataye ƙafa da nauyi sannan a ɗaura siminti, zura siraran ƙarafa masu lanƙwasuwa cikin ramin ɓargo, da ɗaure ƙashi da faranti da kusoshi.

Sakamako

Ƙashin cinya yana tsawo ne daga guringuntsin girma da ke bakinsa na sama da na ƙasa. Na kusa da gwiwa shi ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na tsawon, wato kimanin santimita 1 a shekara. Karaya tana jawo kwararar jini mai yawa zuwa cinya, wannan jinin kuma yana zaburar da guringuntsin ya yi aiki fiye da ƙa'ida.

A 1981 Frederic Shapiro na birnin Boston a Amurka ya wallafa binciken yara 74 'yan ƙasa da shekara 13. Matsakaicin ƙarin tsawon ya kai santimita 0.92, kuma kashi 78 cikin 100 nasa ya auku ne cikin wata 15 na farko. Har ƙashin ƙwauri na ƙafar da ta karye ya ɗan ƙaru. Littattafan fannin sun nuna lamarin ya fi bayyana tsakanin shekara 2 zuwa 10.

Dabarar siraran ƙarafa ta fito ne daga birnin Nansi na Faransa, inda Ligier da Métaizeau da Prévot suka wallafa sakamakonsu a 1988. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta fitar a 2009 sun ba da damar amfani da ita ga 'yan shekara 5 zuwa 11, suka bar siminti ga 'yan wata 6 zuwa shekara 5.

Tattaunawa

A tsohuwar hanyar rataya, likitoci da gangan sukan bar guntayen ƙashin su ɗan hau juna da kusan santimita 1, domin ƙarin tsawon da zai biyo baya ya cike giɓin. Tiyata kuwa tana haɗa baki da baki, don haka duk abin da ya ƙaru ƙari ne a kan ƙafar lafiya. Ɗaye tantanin da ya lulluɓe ƙashi wajen ɗora faranti yana ƙara kwararar jinin. Farantin da ya matsa kusa da guringuntsin ƙasa kuma yana iya sa gwiwa ta karkata ciki. Akasin haka ma yakan faru: idan ƙashi ya ragargaje, ko nauyin yaro ya wuce kilo 49, siraran ƙarafa na iya gazawa, ƙafa ta gajarta ko ta lanƙwashe.

Bambancin da bai kai santimita 2 ba galibi ba ya buƙatar magani. Daga 2 zuwa 5 ana ƙara tudun takalmi, ko a tsayar da girman doguwar ƙafar ta hanyar ƙaramar tiyata. Wannan tiyatar tana amfani ne kafin guringuntsin ya rufe lokacin balaga. Yaron da aka daina kai shi asibiti yana iya dawowa da ɗingishi da karkatar ƙugu bayan damar ta wuce.

Kammalawa da Shawarwari

Na ɗaya, a sanar da iyaye tun kafin tiyata cewa ƙafar na iya ɗara 'yar uwarta. Na biyu, a riƙa awo duk wata 6 har shekara 2, ko da an cire ƙarafan. Awon ba ya buƙatar hoton ƙashi kowane lokaci: yaro ya tsaya, a jera katakai masu kauri sananne ƙarƙashin gajeriyar ƙafar har ƙugu ya daidaita. Ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa zai iya wannan, ya rage wa iyaye kuɗin mota da na kati. Na uku, a jawo masu ɗori cikin shirin, su riƙa tura yaran da suka ga suna ɗingishi. Wanda bambancinsa ya kai santimita 2 a miƙa shi ga likitan ƙashi a asibitin koyarwa, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.