Daga Girman Firji Zuwa Tafin Hannu

Daren da na gama haɗa na'urar rarraba intanet ta gidanmu, wadda muke kira rauta, ƙanena ya sunkuyo yana duban ɗan koren allon da wayoyi suka yi wa rawani. Ya ce, "Yaya, ai wannan kwamfuta ce, ba rauta ba." Na ce masa ya jawo kujera, domin rauta tun asalinta kwamfuta ce. Kwalin roba ne kawai ya rufe mana ido.

Kakar rauta ita ce IMP, wadda kamfanin BBN ya kai Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1969, lokacin da ake kafa hanyar sadarwar kwamfutoci ta ARPANET a Amurka. Kwamfutar Honeywell DDP-516 ce aka yi wa gyara, girmanta kamar firji. Aikinta ɗaya: ta karɓi ƙullin saƙo, ta duba adireshi, ta miƙa shi gaba. Har gobe aikin rauta ke nan. A 1984 Leonard Bosack da Sandy Lerner, ma'aikatan Jami'ar Stanford, suka kafa Cisco, aikin ya zama haja. Sannu a hankali rauta ta ƙanƙance, ta shiga gidaje a rufe ruf: ka saya, ka jona, ba ruwanka da cikinta.

Wurin da labarin ya fi yi mini daɗi shi ne na Linksys WRT54G, akwatin nan mai shuɗi da baƙi da eriya biyu, wanda ya fito a ƙarshen 2002. A 2003, shekarar da Cisco ya sayi Linksys, masu tone-tone suka gano manhajar Linux ce ke motsa shi. Ita kuwa Linux sharaɗinta a fili yake, lasisin GPL: duk wanda ya rarraba ta, dole ya fito da asalin rubutunta. Aka matsa lamba, kamfanin ya saki rubutun. Daga nan manhajar rauta ta OpenWrt ta samo tushe a 2004. Akwatin da aka ce kada a buɗe ya koma makaranta, har a 2005 kamfanin ya fitar da WRT54GL musamman don masu son yi masa tiyata.

Sai ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta iso daga Kambirij ta Ingila a Fabrairun 2012, a kan dala 35. Eben Upton da abokansa yara 'yan makaranta suka nufa da ita, amma manya suka yi caa a kanta. Samfuran farko ba su da saurin ɗaukar intanet ɗin gida sosai. Sai Pi 4 ta 2019 ta zo da cikakkiyar kafar gigabit da USB 3.

Irinta ce a kan teburina. Kafar waya ɗaya gare ta, sai na ƙara ta biyu ta USB: ɗaya ta shigo da intanet, ɗaya ta rarraba. Na zuba OpenWrt a katin memori. Sau biyu ina rufe kaina a waje saboda kuskuren adireshi, na goge katin na sake daga farko. Da yake volt 5 kawai take ci, in an ɗauke wuta fawa banki ya ishe ta.

Ƙanena ya juya allon a hannunsa, ya ce, "To ina murfinta?" Na ce ban saya ba tukuna, kuma ba na gaggawa.