Ɗakin Binciken Rüschlikon: Inda Allura Ta Fara Leƙa Fuskar Zinariya

A 1956 kamfanin IBM ya buɗe ɗakin bincikensa na farko a wajen Amurka, a garin Adliswil kusa da Zurik, ƙasar Siwizalan. Wanda aka damƙa wa ragamarsa shi ne Ambros Speiser, injiniyan da ya jagoranci ƙera kwamfutar ERMETH a jami'ar ETH. Kayan cikin kwamfuta aka kafa wurin domin su, ba wani abu ba. Farkon shekarun 1960 suka tare a Rüschlikon, a 1963 kuma Heinrich Rohrer ya kama aiki.

Sai 1978 labarin ya canza, da zuwan wani matashi Bajamushe, Gerd Binnig. Abin da ya dame su shi da Rohrer shi ne siririn tsatsan da ke kwanciya kan ƙarfe, ga shi babu na'urar da za ta nuna musu shi gurbi-gurbi. Suka ƙera tasu: allura mai tsinin gaske da ake matsowa da ita dab da abu ba tare da ta taɓa shi ba, lantarki ya riƙa tsallake ratar. Ƙara ratar da kashi ɗaya cikin goma na nanomita kan rage lantarkin kusan ninki goma, don haka kowane tudu da kwari sai ya tona kansa. A Maris 1981 na'urar ta yi aiki.

Zinariya na cikin abubuwan da suka fara leƙawa, kuma ba don ƙawa ba: ba ta tsatsa, fuskarta kan zauna tsaf. Shi ya sa har gobe masu wannan sana'a ke ƙafar da ita cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa, tururinta ya kwanta kan fallen dutsen maika mai zafi, ya ba da shimfiɗa mai matakala, kowane mataki kaurin ƙwayar zarra ɗaya.

Lambar yabo ta Nobel ta zo wa Binnig da Rohrer a 1986. Shekara na zagayowa ta sake faɗowa gidan, hannun Georg Bednorz da Alex Müller. A ganina, abin yabon na shugabannin da suka ƙyale Binnig da Rohrer suna bin tambayar da ba ta sayar da kwamfuta ko ɗaya ne.

A 2011 IBM da ETH suka buɗe cibiyar fasahar nano mai ɗauke da sunan Binnig da Rohrer, da ɗakunan gwaji a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda aka kare daga girgiza, ƙara da sauyin zafi.