Gano Matsalar Ayisin Tuƙa Inji a Ƙananan Mutum-mutumi: Nazarin L298N a Yanayin Tsamaye da Kewaye

Tsakure

Maƙalar ta nazarci matsalolin ayisin L298N, wanda masu koyon haɗa mutum-mutumi mai taya suka fi amfani da shi, bisa yanayin wuta da zafi na Tsamaye a ƙaramar hukumar Sabon Birni. An dogara da alƙaluman takardar bayanai ta masana'anta da lissafin da ya fito daga cikinsu. Nazarin ya nuna cewa alamomin da ake ɗauka na ƙonewar ayisi suna iya fitowa daga batir, haɗin waya ko zafin gari, don haka awo da mita ya kamata ya riga sauyi.

Gabatarwa

Allon Arduino, wanda aka fara ƙerawa a Ivrea ta Italiya a 2005, ba ya iya juya taya da kansa. Kowace ƙafarsa miliamfiya 20 aka so ta bayar, alhali ƙaramin inji mai rawayar giya yakan nemi kusan amfiya guda idan taya ta cije. Shi ya sa ake sa ayisi a tsakani, ya karɓi umarni daga Arduino, ya ɗebo wuta daga batir ya miƙa wa inji.

A Kano, wanda ayisinsa ya ƙi aiki sai ya shiga Sabon Gari ya sayo wani. Ɗalibi ko mai gyaran waya a Tsamaye ba shi da wannan gatan. Kayan sai daga Sakkwato ko Maraɗi, hanyoyin Sabon Birni da Isa kuma sun daɗe cikin matsalar tsaro. A watan Satumba na 2021 an ma rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyun, wato neman bayani a intanet ma ya gagara. A irin wannan wuri jefar da ayisi mai lafiya asara ce babba, kuma ita ce ta sa aka yi wannan nazari.

Asarar wuta a cikin ayisin

Kamfanin STMicroelectronics ne ke ƙera L298N. Yana da hanya biyu, kowacce na ɗaukar amfiya 2, kuma yana jure wuta har bolt 46. Amma an gina shi da tsohon samfurin taransista, wanda ke cin rabonsa kafin ya miƙa saura. Bisa takardar bayanansa, a amfiya 1 yakan riƙe kusan bolt 2.5, a amfiya 2 kuwa asarar na iya kaiwa 4.9.

Daga nan matsala ta farko ke tasowa. Wanda ya jera batiran AA huɗu ya sami bolt 6, amma abin da zai isa inji bai wuce uku da rabi ba. Alamar a bayyane take: idan aka ɗaga mutum-mutumin sama tayoyi na juyawa, da an ajiye shi kan rairayi sai ya tsaya yana ɗan kuka siriri. Akwai kuma matsala ta biyu. Jan allon L298N da ake sayarwa yana ɗauke da mai daidaita wuta 78M05, wanda ke buƙatar kusan bolt 7 kafin ya fitar da cikakken 5. Idan bai samu ba, jar fitilar allon za ta kama, mai aikin ya zaci komai daidai ne, alhali sashen umarni na ayisin yana cikin yunwa. Batiran 18650 biyu, irin waɗanda ake cirowa daga tsofaffin batiran kwamfuta, suna ba da bolt 7.4 zuwa 8.4, kuma sun fi dacewa nesa ba kusa ba.

A ƙauyukan Gobir, inda cajin waya ya dogara da sola, abin da ya fi kusa da hannu shi ne fanel da batirin babur. Fanel ɗin da aka rubuta wa bolt 12 yakan nuna kusan 21 a tsakar rana idan babu kaya a kansa. Ayisin zai jure, amma 78M05 zai yi zafi matuƙa idan ba a zare 'yar hular da ke kunna shi ba, injin bolt 6 kuma zai sha abin da ya fi ƙarfinsa. Bai kamata a haɗa fanel kai tsaye ba sam.

Zafi

Nan ne yanayin wuri ya fi tasiri, kuma nan ne umarnin da aka rubuta a ƙasashen sanyi ke ɓatar da mai karatu. Wutar da ayisin ya riƙe zafi take komawa: bolt 2.5 sau amfiya 1 ya ba da wat 2.5. Ba tare da ƙarfen shan zafi ba, kowane wat na ƙara digiri 35 a cikin ayisin, jimla kusan 88. A ɗaki mai digiri 25 cikinsa zai kai 113, ƙasa da iyakar aiki ta 130. A watan Afrilu a gabashin Sakkwato, inda digiri 43 ba baƙo ba ne, lissafin ya koma 131. Kaya ɗaya, shiri ɗaya, amma nan ya tsallake iyaka. Baƙin ƙarfen da ke kan allon yana rage wannan, sai dai ƙarami ne, ƙurar hunturu kuma takan cike tsakanin haƙoransa.

Ayisin yana kashe kansa idan ya yi zafi, ya dawo idan ya huce. Don haka mutum-mutumin da ya yi tafiya na ɗan lokaci ya tsaya, bayan hutu ya sake tashi, bai ƙone ba.

Tsarin awo

A ra'ayin marubucin, awon farko shi ne na batir yayin da inji ke aiki, domin batir mai rauni yakan nuna lamba mai kyau idan yana zaune. Sai a auna ƙafar 5V. Bayan nan a duba ko GND na Arduino na haɗe da GND na allon. Idan batiransu daban ne kuma ba a haɗa su ba, umarni ba shi da abin gwaji, inji ya yi ta fizga ko ya yi shiru. Waya guda ke magance wannan.

Idan waɗannan sun yi daidai, a cire Arduino daga lissafi: a bar hular ENA a wurinta, a kai IN1 zuwa 5V, IN2 zuwa GND. Inji ya juya, to laifin na shiri ne ko na zaɓin ƙafa, domin a Arduino Uno ƙafafu 3, 5, 6, 9, 10 da 11 ne kawai ke sarrafa gudu. Idan kuma Arduino na sake tashi duk lokacin da taya ta motsa, a sa kafasita mai maikurofarad 470 a bakin shigar wuta, da 'yar ƙarama mai nanofarad 100 a kan ƙafafun injin.

Hukuncin ƙonewa shi ne na ƙarshe. A cire batir da inji, a auna tsakanin OUT1 da GND, sannan tsakaninsa da mashigar wuta, a gwada da hanya ta biyu. Idan mita ta yi ƙara a ɗaya ba ta yi a ɗayar ba, akwai gajeriyar hanya. Ko a nan ma a fara zargin dayod takwas da ke jere a gefen allon, waɗanda mai gyaran rediyo zai iya sauyawa da dalma.

Ga wanda zai yi sabon saye, TB6612FNG na Toshiba ya fi dacewa da wannan yanki, domin asararsa ba ta kai bolt ɗaya ba a amfiya 1, zafinsa kuma kaɗan ne. Sharaɗinsa biyu: ƙafar STBY sai an ba ta wuta kafin ya motsa, kuma iyakar aikinsa bolt 13.5 ce, don haka batirin babur da ke kan caji, wanda kan haura 14, ya fi ƙarfinsa.