Wa Ke Rubuta Dokar Wasan Yaranmu?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni, abin ya kwana biyu yana cina.

Satin da ya wuce na je Anka gaisuwar rasuwa. Bayan la'asar muna zaune ƙofar gida da wasu 'yan uwanmu na Sunke, sai ga yara kamar goma sha biyu sun fito wasa, kowa da bindigar kara, wasu sun naɗe kai da tsumma. Tun kafin a fara gardama ta tashi a kan rabon matsayi. Na ji babbansu yana ce wa wani ƙarami, "Ni as soja, kai ab Bahillace." Ƙaramin ya ce shi bai yarda ba, jiya ma shi aka kashe. Aka ce to in bai so ya koma gida. Ya ɗan yi shiru, ya ɗauki karansa, ya nufi bayan katanga inda aka ce nan ne daji.

Ba wanda ya ce masa "kai ne ɓarawo" ko "kai ne ɗan bindiga". A cikin wasan sunan ƙabila ya riga ya zama sunan aikin. Manyan da ke wurin ba wanda ya ɗaga kai, ni ma ban ce uffan ba, kuma shirun nan nawa shi ya hana ni sakat har na zauna rubutu.

Bahaushe ya daɗe yana wasan shiga rigar wani. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa, tafiyarsu da maganarsu, a gaban masu sarautar kansu, kowa ya ga halinsa a jikin wani. Da azumi akwai tashe, daga goma ga wata: wannan ya zama tsoho mai gemun auduga, wancan ya zama malami, a Kano har sarautar Nalako ake da ita ta shugaban gwagware. A ƙauyuka irin namu kuwa babban abin shi ne kalankuwa, bayan an gama kaka, rumbuna sun cika. Samari da 'yan mata su kafa gwamnatinsu ta 'yan kwanaki, a naɗa masu muƙami, a buɗe kotu, a kama mai laifi a ci shi tarar goro ko 'yan sulalla, ana kiɗan kalangu har dare ya raba.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma, jerin muƙaman kalankuwa ba ya zama wuri ɗaya, yana bin mulkin zamani ne sau da ƙafa. Na da can sarautun gargajiya ne: Sarki, Waziri, Galadima, Alƙali, dogarai. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 suka shimfiɗa mulkin En'e, sai ga sababbin riguna sun shigo fili: Gwamna, Razdan, Di'o, Joji, Likita, 'yan doka. Wani kawuna, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin shekarar da aka naɗa shi Di'o, ya shafe fuska da toka, ya kifa ƙwarya a ka a matsayin hular Bature, yana gwarancin da shi kansa bai san ma'anarsa ba, ga tafinta a gefe yana fassara abin da ya ga dama. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ofishin Di'o ya tafi, a wasan ma ya dusashe. Mu da muka taso lokacin mulkin soja, Gwamnan soja muka sani, da sandarsa a hammata da odali a baya. Na bayanmu suka zo da Ciyaman da Kansila. Ba littafin dokoki, ba kwamiti, amma kowane ƙarni ya fito da nasa bugun.

Kada in yi wa da kwalliya. Akwai wasannin da aka gina kan raina wasu. Macukule na tashe kwaikwayon Bagwari ne, da tsummoki da karyayyar Hausa, mun yi shi mun yi dariya, ba mu taɓa tambayar yadda ɗan Gwari zai ji ba. Sai dai a kalankuwar da na sani muƙami ba ya bin ƙabila. Yaran rugagen da ke kusa da mu suna zuwa, ana naɗa su kamar kowa. Ina tuna shekarar da wani saurayi Bafillace ya zama Alƙali, ya ci ɗan mai gari tarar goro biyar don ya ratsa fili da takalmi, aka biya ana shewa. Ga kuma barkwanci da ke rage zafin bambanci, irin na Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa. Ka tsokane ni in tsokane ka, a tashi lafiya.

Yanzu bari in kai ku nesa kaɗan, don akwai wasu mutane da suka yi irin wannan tafiyar a rubuce, shekara da shekara, ana iya bin sawunta. Ɗan ƙanena da ke karatu a waje ne ya fara ba ni labarin wani wasan Amurka mai suna Dungeons & Dragons, daga baya na bi na karanta tarihinsa. Mutum huɗu ko biyar za su zauna a teburi, ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa, in an zo faɗa ko wani abu mai haɗari a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta lido ta yanke hukunci. Kafin a fara kowa zai zaɓi sana'ar jaruminsa, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, sannan ya zaɓi jinsinsa.

Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR. A bugun farko jinsi huɗu kawai ake iya zama: ɗan Adam, wada, elf, da hobit, galibi aro daga littattafan Tolkien, marubucin nan na Ingila. A 1977 masu haƙƙin waɗannan littattafai suka yi barazanar kai ƙara, dole aka sauya wa hobit suna. Akwai kuma wani jinsi mai suna ork, mummuna, mai son yaƙi. Shi ba a zama shi. Aikinsa a wasan ya fito daga kogo a kashe shi a kwashi dukiyarsa, kuma mai kashe shi ba ya tambayar dalili, tunda littafi ya riga ya sa shi a layin abokan gaba.

A littafin 'yan wasa na 1978 jinsunan suka kai bakwai, har da ɗan ruwa biyu, rabi ork rabi ɗan Adam. An yarda ka zama shi, amma an ƙara masa ƙarfin jiki an rage masa farin jini, kuma duk wanda ba ɗan Adam ba akwai matakin da ba zai wuce ba a yawancin sana'o'i komai ƙoƙarinsa. Har mace an ƙayyade mata iyakar ƙarfi ƙasa da na namiji. A bugu na biyu, 1989, bayan iyaye da wasu malaman coci sun yi ta zargin wasan da koya wa yara tsafi, kamfanin ya cire ɗan ruwa biyun nan daga babban littafin, ya cire sana'ar kisan haya, ya ɓoye sunayen shaiɗanu. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR. Bugu na uku a 2000 ya dawo da rabin ork, ya soke iyakar matakai, kowane jinsi ya iya kowace sana'a, amma har lokacin doka na rage masa basira tun daga haihuwa. Bugu na huɗu a 2008 ya sake ajiye shi gefe na shekara guda ya shigo da wasu sababbi. Na biyar ya zo a 2014.

Sai 2020, bayan kisan George Floyd da zanga-zangar da ta biyo baya, kamfanin ya fito ya amsa abin da 'yan wasa baƙaƙe da wasunsu suka daɗe suna faɗa: yadda ake siffanta ork ya yi kama ƙwarai da yadda aka siffanta wasu al'ummomi na gaske don a halatta zaluntarsu. A Disambar 2022 suka ce za su daina amfani da kalmar da ke nufin launin fata ko ƙabila, su koma wadda masana ke rarrabe nau'in halittu da ita. A littafin 2024 ork ya zama cikakken jarumi da kowa zai iya zaɓa, kuma ƙarin ƙarfi ko basira ya koma kan tarbiyya da aikin da jarumi ya taso a ciki, ya bar kan jini. Mai jan labari in yana son ɗan fashi, akwai shafin ɗan fashi, kowane jinsi na iya hawa kansa. Shekara 50 aka kwashe kafin a kai nan, kuma har gobe akwai tsofaffin 'yan wasa da ke cewa an lalata masu abu.

Na san abin da wani zai rubuto mini: "Malam, su can dodon tatsuniya ne, mu nan mutane ake kashewa." Gaskiya ne, kuma ba ni za a gaya wa ba. A farkon Janairun 2022 an shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutanen yankin suka ce an kashe kusan 200, gwamnati ta ce 58. Kowa a cikinmu yana da kabarin da yake tunawa. Ba kuma zan yi musun cewa da yawa daga masu riƙe da bindiga a daji Fulani ne ba. Amma mu faɗa wa kanmu sauran gaskiyar. Mai kai masu rahoton wanda ya sayar da hatsi, mai kai masu fetur da burodi da ƙwaya, mai sayen shanun sata, da yawansu a cikin gari suke, da Hausa suke mafarki. Fulanin da aka fara kwashe wa shanu suna nan, da waɗanda 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba tare da an tambaye su komai ba sai kamanninsu. Dokar da ta ce jini shi ne laifi, ɓarawon gari take rufa wa asiri, ta kuma tura yaron ruga daji tunda ko ya zauna lafiya sunansa ɗaya ne.

Kalankuwa ta riga ta ja baya kafin bindiga ta zo. Wa'azi ya rage ta, zinariya ta kwashe samari zuwa ramuka, gubar dalma ta 2010 ta cinye mana yara a Sunke da Dareta da Abare da Bagega, sannan tsoro ya hana kowa kai dare a fili. Amma yara ba su daina rabon matsayi ba. Sun ci gaba da abin da kakanninsu suka yi da Di'o da Gwamnan soja, suna kallon mai iko a zamaninsu suna sa rigarsa. Bugun da ke hannunsu yanzu muƙami biyu ne kacal, soja da Bahillace. Ba Alƙali, ba Likita, ba tafinta. Kuma ba su suka rubuta shi ba, daga bakinmu suka kwafa, a majalisa da wurin mai shayi da saƙonnin murya na WhatsApp.

Wannan yaƙin zai ƙare in sha Allahu, kamar yadda na Gobir da Zamfara ya ƙare har jikoki suka auri juna. Ranar da ya ƙare, yaran nan na ƙofar gida su ne masu unguwanni da 'yan sanda da malaman makaranta, kuma abin da suka haddace suna shekara bakwai shi za su yi hukunci da shi. Gyara kalma ba zai dawo da saniya ko ɗaya ba, tsaro aikin hukuma ne kuma ba za mu daina matsa mata ba. Amma abin da ɗana zai kira maƙwabcinsa, wannan a hannuna yake.

In na koma Anka na sake tarar da su, zan kira babban nan in ce masa, in za a yi a yi soja da ɓarawo, kuma a riƙa juyi, wanda ya yi soja yau gobe ya shiga daji. In sun yarda ma a ƙara Alƙali, don wanda aka kama a kai shi gabansa maimakon a kwantar da shi a ƙasa.

'Yan Gummi da Bukkuyum da sauran wurare, waɗanda suka riski kalankuwa, don Allah ku gaya mini muƙaman da ake naɗawa a garinku da shekarun da kuka gani. Ina so in tattara su kafin masu tunawa su ƙare.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da na hannun ɓarayi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.