Ruwan Tiga da Kaɗaicin Talaka

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, bayan babban farin da ya addabi ƙasar Hausa. Daga nan aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, maƙwabtan Dawakin Kudu. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya ta karɓi aikin. Noman rani ya kankama, alkama da shinkafa da tumatir suka wadata.

Sai dai albarkar ba ta sauka daidai ba. An ta da ƙauyuka domin tafkin, an sare ɗorawa da kuka, an sake yanka gonaki. Sabon noman yana cin kuɗin ruwa da taki da tarakta da ƙwadago. Binciken da Baturiya Tina Wallace ta yi a shekarun 1970 ya nuna manoma marasa ƙarfi da dama sun ba masu hali hayar filayensu. Mai gona ya koma ɗan ƙwadago. Irin wannan karaya ta sake aukuwa a 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki, ta bar manoma da bashi.

Asarar ba ta tsaya a aljihu ba. Zaman ƙauye ba-ni-in-ba-ka ne: gayya, adashi, gudummawar biki da suna. Wanda ya kasa ramawa kunya takan hana shi zuwa, a hankali kuma a daina gayyatarsa. Magidanci ya guje wa dandali saboda masu bin sa bashi, matarsa ta janye daga zumuntar mata don ba ta da abin zubawa. Sai rashin barci, da saurin fushi, da tunanin cewa Allah ya juya baya. Karin Magana 19:7 ta daɗe da lura da yadda dangi da abokai kan nisanci matalauci.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai hidima, in kujerar wani ta daɗe babu kowa, kada ka yi saurin kiran abin ja da baya cikin bangaskiya. Ka je gidansa ka zauna. Ka kula yadda ake shelar baiko, kada marar hali ya tozarta. Ka ba shi aiki a ikkilisiya wanda ba ya neman kuɗi, gama wanda ake bukatarsa ba ya ɓuya.