Sauya rim a mota Peugeot 504

Sauya rim a mota Peugeot 504 shi ne cire rim na asali da motar ta zo da shi daga kamfani a saka wani a madadinsa, ko dai saboda na farkon ya lanƙwashe ko ya tsage, ko don a samu taya mai sauƙin samuwa, ko kuma don ado. Rim, wanda wasu ke kira wili, shi ne ƙarfen da ake ɗora taya a kansa sannan a ɗaure shi a jikin mota da notuna. Lamarin ya fi wuya a 504 fiye da yawancin motoci, domin tazarar ramukan notinta ba ta dace da ta motocin da suka cika kasuwa a yau ba. Rim da bai dace ba yana iya karya kusoshi, ya ci boris, ko ya sa taya ta fice mota na cikin gudu.

Tarihin motar a Najeriya

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, kuma ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A Najeriya, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma ta ci gaba da haɗa 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, da daɗewa bayan an daina ƙera ta a Faransa. An kuma haɗa ta a Kenya da Ajantina. Ƙarfinta a kan mummunar hanya ya bayyana a gasar tseren Safari ta gabashin Afirka, wadda ta ci a 1975 da 1978.

Hausawa na kiranta Fijo. Ta yi aiki a matsayin motar gwamnati, da motar haya tsakanin garuruwa, da a-kori-kura ta ɗaukar kaya. Waɗanda suka rage a kan hanya a yau sun kasu gida biyu: na masu neman abinci da su, da na masu adana su saboda tarihi. Duk biyun suna fuskantar matsala ɗaya, wato ƙarancin rim na asali mai lafiya.

Tazarar ramukan noti

Ma'auni na farko shi ne yawan ramukan noti da faɗin da'irar da suka zauna a kanta, wanda ake taƙaitawa da PCD. Ana rubuta shi da lamba biyu. Salun ta 504 tana da 4×140, ma'ana ramuka 4 a kan da'ira mai faɗin milimita 140. A rim mai rami huɗu, ana auna shi ne daga tsakiyar rami ɗaya zuwa tsakiyar ramin da ke fuskantarsa.

Motocin da ke da wannan ma'auni kaɗan ne: Peugeot 505, da 604, da tsofaffin Subaru irin su Leone. Sababbin Peugeot kamar 206 da 306 da 406 suna da 4×108, don haka rim ɗinsu ba ya shiga 504 duk da cewa kamfani ɗaya ne. Volkswagen Golf na biyu yana da 4×100, tsohuwar Mercedes W123 tana da 5×112, Toyota Hilux mai noti shida kuma 6×139.7. Wannan ya sa rim na 505 shi ne madadin da aka fi nema. Na Subaru galibi inci 13 ne, ya yi wa 504 ƙanƙanta.

Akwai masu ɗaukar rim mai rami shida na 139.7, su yi amfani da ramuka biyu masu fuskantar juna, sannan su huda sababbi biyu. Wasu kuma kan faɗaɗa ramukan wani rim da injin huda ko da wutar walda. Dukkan hanyoyin suna raunana ƙarfen, kuma kuskuren milimita ɗaya ya isa ya sa rim ya zauna a karkace. Idan haka ta faru, kusoshin ne ke ɗaukar jijjigar a kowane juyi har su gaji su karye.

Sauran ma'aunai

Girma da faɗi. Ana buga su a jikin rim, misali 5J×14: faɗin inci 5, girman inci 14, harafin J kuma yana nuna siffar leɓen da taya ke kamawa. Salun ta 504 ta saba zuwa da rim na inci 14 da taya 175R14.

Zurfin zama. Shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar da ke manne wa hob da ainihin tsakiyar faɗin rim. Ana rubuta shi da ET, daga wata kalmar Jamusanci, sai lamba a milimita. Idan lambar ta yi yawa, rim yana shigewa ciki ya goga birki ko shokozoba. Idan ta yi kaɗan, taya tana fitowa waje ta goga madigadi, nauyi ya ƙaru a kan boris, sitiyari kuma ya yi nauyi. Motocin zamani masu ja da tayoyin gaba sukan zo da ET mai yawa, ita kuwa 504 da baya take ja.

Ramin tsakiya. Dole ya kai girman hob ɗin motar. Ƙarami ba ya shiga, babba kuma yakan buƙaci zobe na musamman don rim ya zauna daidai a tsakiya.

Mazaunin noti. Akwai mai siffar mazurari, da mai zagaye, da mai shimfiɗe. Notin rim na ƙarfe ba lallai ya dace da na aloyi ba. Rim na aloyi ya fi kauri, don haka sai an tabbatar kusar ta rage da isasshen zare da noti zai kama.

Rim na TRX

A 1975 kamfanin Michelin ya fito da tsarin taya mai suna TRX, wanda ake auna rim ɗinsa da milimita maimakon inci. Wasu 505 da 604 sun zo da irin wannan rim mai girman milimita 390. Ramukansa sun dace da 504, kuma a ido yana kama da na inci 15, amma inci 15 milimita 381 ne. Tayar inci 15 ba ta zama daidai a kansa, kuma tilasta ta na iya yaga bakinta yayin bugun iska. Tayar TRX ta gaskiya tana da tsada da wuyar samu. Shi ya sa ake karanta lambar da ke jikin rim na 505 kafin a biya kuɗi.

Lissafin girman taya

Idan aka ƙara girman rim, ana rage tsayin gefen taya don tsayin ƙafar gaba ɗaya kada ya canza. A rubutun 175/80R14, lamba 175 faɗin taya ce a milimita, 80 kuma tana nufin tsayin gefe kashi 80 cikin 100 na faɗin, wato milimita 140. Rim na inci 14 milimita 355.6 ne. Idan aka haɗa da gefe biyu, jimilla ta zama 635.6. Taya 195/65R15 tana ba da 634.5, bambancin kusan milimita 1 kacal, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba. Taya 205/55R16 tana ba da 631.9, sai dai gefenta ya ragu zuwa kusan milimita 113.

Ƙarfe ko aloyi

Rim na ƙarfe yana da arha, kuma idan ya faɗa rami yakan lanƙwashe ne, mai gyara ya iya miƙar da leɓensa. Na aloyi, wanda ake yi da gaurayen alminiyam, ya fi kyau a ido kuma yana fitar da zafin birki da sauri, amma bugu mai ƙarfi na iya tsaga shi, kuma waldarsa ba ta dawo da ƙarfinsa na farko.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a hanyoyin karkara irin na yammacin Zamfara, a yankunan Anka da Bagega da Bukkuyum da Gummi, inda damina ke zaizaye hanya kuma motoci ke ɗaukar kaya da fasinja da yawa. Taya mai dogon gefe tana shanye bugun rami kafin ya isa ga rim, mai gajeren gefe kuwa tana miƙa shi kai tsaye. Haka kuma mai faci na ƙauye ya fi iya aiki da rim na ƙarfe, domin ƙarfen cire taya yana ɓata leɓen aloyi. A irin wannan hanya rim na ƙarfe mai inci 14 ya fi dacewa, aloyi kuma ya fi dacewa da motar ado da ke yawo a kan kwalta.

Saye da dubawa

Ana samun rim na hannu a kasuwannin kayan gyaran mota kamar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Makanikai sukan duba tsagewa a gefen ramukan noti, da alamar walda, da ramukan da suka buɗe, da tsatsa a wurin da taya ke kamawa. Ana gwada rim a jikin motar kafin a sa taya, a juya shi da hannu, a karya sitiyari dama da hagu. Haruffan JWL a jikin aloyi suna nuna ƙa'idar ingancin Japan, ko da yake ana samun na jabu.

Ita ma tayar ana duba shekarunta. Tun daga 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT suna nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma tayoyin hannu suna cikin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya.

Bayan an saka rim, ana ɗaure notuna a gicciye, ɗaya da mai fuskantarsa, a yi balansin, sannan a sake duba ɗaurin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Safaya ita ma tana buƙatar notunan da suka dace da nata rim.